Daga Kintore zuwa Adelaide: yadda Pintupi suka mayar da wankin ƙoda gida, da abin da ya saura kan dashe

Kintore ƙauye ne a cikin hamadar tsakiyar Ostireliya, kimanin kilomita 530 yamma da garin Alice Springs, dab da iyakar jihar Ostireliya ta Yamma. Mazaunansa 'yan ƙabilar Pintupi ne, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma su a bakinsu Walungurru suke kiran wurin. A shekarar 2004 aka kunna injin wankin ƙoda na farko a ƙauyen. Kuɗin da aka kafa aikin da shi daga zanen hannun mutanen garin ya fito, maza da mata, waɗanda suka gaji da ganin ana kwashe dattawansu zuwa birni ba sa dawowa sai a makara.

Lamarin ya cancanci a zauna a duba shi da kyau, domin a cikinsa ana iya ganin yadda ake ɗora wa majinyaci laifin da na tsari ne, da kuma yadda wannan laifin da aka rubuta a takardarsa yake bin sa har ya tare masa hanyar samun dashen ƙoda.

Mutanen da ƙasarsu

Pintupi suna cikin 'yan asalin Ostireliya na ƙarshe da suka yi cuɗanya da Turawa. A shekarun 1950 da 1960 aka riƙa tattaro su daga hamada ana kai su Papunya, wani matsuguni da gwamnati ta gina, inda aka cusa su tare da wasu ƙabilu a ƙasar da ba tasu ba. Mutane da yawa sun mutu a can saboda cututtuka da sauyin abinci. A 1981 suka tattara nasu ya nasu suka koma yamma, suka kafa Kintore, bayan ɗan lokaci kuma wasu suka ƙara gaba suka kafa Kiwirrkurra a cikin jihar Ostireliya ta Yamma, wanda ake yawan cewa babu ƙauyen da ya kai shi nisa da birni a duk ƙasar. Har a 1984 sai da wasu mutum 9 'yan gida ɗaya suka fito daga hamada suka iso Kiwirrkurra, ba su taɓa zama da Bature ba.

Dole a riƙe wannan tarihin, saboda komawa gida ita ce babbar nasarar da wannan al'umma ta samu a ƙarnin da ya wuce. Ƙasa a wurinsu, wadda suke kira ngurra, ta wuce wurin kwana. Kowane dutse da kowace rijiya suna da labari da waƙa da mai alhakin kula da su, kuma dattijo ne yake koya wa na baya a kan wurin, yana nuna musu da hannu. Idan dattijon ya tafi birni ya zauna shekara biyar, ilimin ya tafi tare da shi. Ba a yi shekara 20 da komawarsu ba sai ciwon ƙoda ya fara yi musu abin da motar gwamnati ta yi wa iyayensu.

Ciwon

Binciken lafiya da hukumar ƙididdiga ta Ostireliya ta gudanar a 2012 zuwa 2013 ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 5 na manyan 'yan asalin ƙasar yana ɗauke da alamun ciwon ƙoda, a ƙauyukan nesa kuwa kusan 1 cikin 3 ne, kuma mafi yawansu ba su sani ba. A wasu yankunan nesa, yawan waɗanda ƙodarsu ke mutuwa gaba ɗaya ya kan ninka na sauran 'yan ƙasa har sau 20. Kuma yana kama su da sauran ƙarfinsu, suna 'yan shekara 40 ko 50, lokacin da gida ya fi bukatarsu.

Ciwon suga ne kan gaba a cikin sanadin, sai hawan jini. Amma Farfesa Wendy Hoy, wadda ta shafe shekaru tana aiki da mutanen tsibiran Tiwi a arewacin ƙasar, ta nuna cewa ɓarnar tana farawa tun a ciki. Jaririn da aka haifa ba nauyi yakan zo da ƙarancin ƙananan matatun da ke cikin ƙoda. Sai ya taso a gida mai cunkoso, ƙazuwa ta kama shi, ƙwayar cuta ta shiga ta wurin susa ta kumbura masa ƙoda tun yana yaro. Ya girma yana cin fulawa da sukari da lemon kwalba, domin su ne masu araha a kantin ƙauye guda ɗaya tilo, inda ganye da kayan marmari suke da tsadar gaske saboda nisan hanya. Kafin ciwon suga ya iso, ƙodar ta riga ta sha duka kashi-kashi.

Wanda ƙodarsa ta mutu yana bukatar inji ya wanke masa jini sau 3 a mako, kowane zama awa 4 zuwa 5, har ƙarshen rayuwa ko har ya samu dashe. A shekarun 1990 injin da ya fi kusa da mutumin Kintore yana Alice Springs. Ba hanya ce da za a je a dawo sau uku a mako ba, mafi yawanta ma ba kwalta. Don haka zaɓi biyu ne, gaba kura baya sayaki: ko ya zauna gida ya mutu cikin 'yan makonni, ko ya ƙaura. Wanda ya ƙaura yakan ƙare a masaukin majinyata, ko a raɓe a gidan wani a unguwannin gefen gari, a ƙasar ƙabilar Arrernte, inda a al'adarsu baƙo ne shi marar ta cewa, kuma zaman yana sa shi jin kunya. Matarsa ko 'yarsa ta biyo shi jinya, yara su bar makaranta. Duk wanda ya taɓa ɗauko majinyaci daga Gashuwa ya kai shi Maiduguri ko Kano wankin ƙoda ya san yadda ciwon mutum ɗaya yake tayar da gida guda, sai dai a nan kuɗin wankin ba shi ne matsalar ba, gwamnati ce ke biya. Nisa ne da kaɗaici.

Sai mutane suka riƙa tsallake ranar wanki. An yi rasuwa a ƙauye, kuma zaman makoki a wurinsu wajibi ne da yakan ɗauki makonni, wanda bai je ba ana iya zarginsa da hannu a mutuwar ko da yanke zumunci. Mutum ya samu mota ya tafi, ya kwana goma ba wanki, ruwa ya taru masa a huhu, sinadarin fotasiyam ya hau a jini, a ɗauko shi a jirgin likitoci rai a hannun Allah. Ma'aikacin asibiti ya buɗe takardarsa ya rubuta cewa ba ya bin umarnin likita.

Gwanjon Sidni

Abin da Pintupi suke da shi wanda duniya ke so shi ne zane. Tun 1971 da wani malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawan Papunya gwiwa su sauke zanen da suke yi a ƙasa da jiki zuwa kan allo, aka samu kamfanin masu zane na Papunya Tula, wanda aka kafa a 1972 kuma mallakarsu ne. Da shugabanninsu suka nemi a kawo musu inji gida aka ce musu ba zai yiwu ba, wai wurin ya yi nisa, ruwa ba kyau, ma'aikata ba za su zauna ba, kuɗi ya yi yawa, sai suka koma ga abin da suka iya. Mazan Kintore suka haɗu suka yi babban zane ɗaya, matan Kintore suka yi nasu, haka ma maza da matan Kiwirrkurra. Masu tara zane da dillalai suka ƙara da gudummawar wasu ayyukan. A watan Nuwamban 2000 aka yi gwanjonsu a gidan zane na jihar New South Wales da ke Sidni, aka tara sama da dalar Ostireliya miliyan 1 a dare ɗaya. Zanen mazan Kiwirrkurra kaɗai attajirin nan Kerry Stokes ya saye shi kan dala 340,000.

Ba su miƙa kuɗin ga ma'aikatar lafiya ba. Ƙungiya suka kafa, suka raɗa mata suna da harshensu, Nganampa Walytja Palyantjaku Tjutaku, ma'ana sama wa dukkan danginmu lafiya. A 2003 suka ɗauki wata ma'aikaciyar jinya, Sarah Brown, wadda ta daɗe tana aiki a ƙauyukan nesa, ta zama mai gudanar da ayyukan yau da kullum a ƙarƙashin kwamitin da dukkan mambobinsa 'yan asalin yankin ne. Gidan da suka mayar cibiyarsu a wata unguwa a Alice Springs an shafe shi da launin shunayya, daga nan sunan Purple House ya bi ƙungiyar har ya danne na asali a bakin baƙi.

Yadda ake aiki a gidan

A cibiyar Alice Springs akwai injinan wanki, amma wanda ya shiga zai fara cin karo da murhu a tsakar gida ana gasa wutsiyar kangaru, ga kaji suna kiwo, ga wurin wankin kaya da wanka, ga masu taimaka wa mutum ya cike takardar neman gida ko ta tallafin gwamnati. Mata majinyata suna haɗa man shafawa na gargajiya daga ganyen wata bishiyar hamada da suke kira irmangka irmangka, abin da ya fara a matsayin maganin ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata na masu wanki, daga baya ya zama sana'ar da ke kawo wa ƙungiyar kuɗi. Masu maganin gargajiya, waɗanda ake kira ngangkari, ba a korar su.

Abin da ya fi waɗannan nauyi ba ya fitowa a hoto. A al'adar mutanen hamadar, suruka da mijin 'yarta ba sa haɗa ido, ba sa zama ɗaki ɗaya, ba sa ambaton sunan juna. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, sai dai tasu kunyar ta fi tamu tsanani. Asibitin da bai sani ba zai jera su a kujeru biyu maƙwabta na tsawon awa biyar, ɗayansu ya daina zuwa, a rubuta masa taurin kai. A inda mutanen gari ke da ta cewa, sai a raba musu rana. Haka idan mutum ya rasu ana daina ambaton sunansa na wani lokaci, har masu irin sunan a koma kiransu Kumanjayi, don haka ma'aikaciyar da ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙwala sunan da ke kan takarda tana iya sa ɗaki guda kuka ba ta san dalili ba. Akwai maganar da namiji ba zai yi a gaban mace ba, akwai wadda mace ba za ta yi a gaban namiji ba, ko da likita ne.

Kujerun wanki na ƙauye kaɗan ne, masu so suna da yawa. Da farko mutum yakan samu 'yan makonni a gida ne ya dawo birni wani ya je. Wa zai fara tafiya? Kwamitin mutanen ne ke duba wannan tare da ma'aikatan jinya: lafiyar wa ta daidaita har zai iya nisa da babban asibiti, wa ke da makoki, wa ake jira don bikin shigar samari cikin manya, wa ya tsufa har ake tsoron kada ya cika a ƙasar wasu. A nan, a ganina, ma'anar abin da ake kira kulawa mai kiyaye al'ada take. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Mawori a Niyu Zilan, Irihapeti Ramsden, ita ta shimfiɗa wannan tunani a ƙarshen shekarun 1980, kuma hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta shigar da shi cikin karatunsu a 1992. Jigon maganarta shi ne cewa wanda ake jinya ne yake da hurumin faɗin ko ya samu aminci a hannun mai jinyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Asibiti yana iya liƙa zanen gargajiya a kowane bango, ya tura ma'aikatansa bita ta yini guda, amma idan har yanzu shi kaɗai ke yanke wa zai zauna ina da yaushe, bai taɓa komai ba.

Ba a samu wannan cikin ruwan sanyi ba. Kowane zama ɗaya na wanki yana cin ɗaruruwan litocin ruwa da sai an tace shi tas, a wurin da ruwan rijiyar burtsatse yake cike da gishiri da ma'adinai. Samun ma'aikacin jinya ƙwararre da zai zauna a hamada har yau wahala ne, kuma akan rufe kujera saboda rashinsa. Sannan ga iyakar jihohi. A 2009 gwamnatin Yankin Arewa, wadda Alice Springs ke ƙarƙashinta, ta daina karɓar sababbin majinyata daga ƙetaren iyakarta saboda injinanta sun cika. Patrick Tjungurrayi, fitaccen mai zane daga Kiwirrkurra kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi zanen gwanjon 2000, ƙodarsa ta gaza a daidai wannan lokaci, aka ce masa sai dai ya tafi Perth, babban birnin jiharsa ta Ostireliya ta Yamma, inda nisan ya ninka na Alice Springs kuma babu mai jin harshensa. Ya ƙi. Maganarsa ta fita a kafafen yaɗa labarai, aka matsa wa gwamnatoci lamba har aka sassauta dokar. Daga baya zanensa yana cikin waɗanda aka lulluɓe jikin Purple Truck da su, wata babbar mota mai kujerun wanki 2 da ta fara zagaya ƙauyuka a 2012, tana kai mutum gida ya yi makoki ko ya ga jikokinsa ba tare da ya tsallake wanki ba. Kiwirrkurra ma ta samu nata ɗakin wankin.

Shekara da shekaru ana riƙe da aikin da gudummawa da tallafin wucin gadi da kuɗin ma'adinai da wasu al'ummu suka ware daga rabonsu. Sai a watan Nuwamban 2018 inshorar lafiya ta ƙasa, Medicare, ta fara biyan kusan dala 600 kan kowane zaman wanki da aka yi a ƙauye mai nisa ƙwarai. A 2022 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 45 don gina ɗakunan wanki har 30 masu kujeru huɗu-huɗu. Ita kuwa Purple House yanzu tana gudanar da ɗakunan wanki a ƙauyuka kusan 20, daga Yuendumu da Lajamanu zuwa Warburton da Pukatja.

Da masu bincike na cibiyar Menzies da ke Darwin, babban birnin Yankin Arewa, suka kwatanta hanyoyin wanki daban-daban a Yankin Arewa, sai suka tarar cewa waɗanda ake yi wa wanki a ƙauyukansu sun fi zuwa a kan kari, sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti, kuma idan aka haɗa lissafi duka, har da kuɗin kwanciyar gaggawa, tsadar da ake tsoro ba ta tabbata ba. Mutanen nan dai su ne waɗanda aka rubuta wa rashin bin umarni a birni. Wurin injin ne ya sauya.

Abin da takarda ta rubuta

Wanki riƙon ƙwarya ne. Abin da ke mayar wa mutum da rayuwarsa, ya ci abin da yake so, ya yi tafiya ba tare da lissafin kwana biyu ba, shi ne dashe. A nan ne giɓin ya fi faɗi. Alƙaluman 2017 sun nuna cewa a cikin 'yan asalin ƙasa da ke kan maganin mutuwar ƙoda, kashi 13 cikin 100 ne kawai ke rayuwa da dashe, sauran kashi 87 suna kan inji. A cikin sauran 'yan Ostireliya kuwa kashi 51 ne ke da dashe. Wani nazari da ya fito a 2018 daga rajistar ƙoda ta ƙasa, ANZDATA, ya nuna cewa damar ɗan asalin ƙasa ta shiga jerin masu jiran ƙoda ba ta kai rabin ta waninsa ba, kuma ko an cire tasirin shekaru da ciwon suga da ciwon zuciya, bambancin bai gushe ba. Tun a bakin ƙofa ake tsayawa.

Ƙofar kuwa doguwa ce. Kafin a sa mutum a jeri sai an gwada zuciyarsa, an duba haƙoransa, an bincika tarin fuka da ciwon hanta da tsutsar ciki, mace a yi mata gwajin kansar mama da ta bakin mahaifa, a duba nauyin jiki. Kowane gwaji yana da wa'adi. Mutumin birni yakan gama su cikin 'yan watanni. Na ƙauye kuwa kafin ya samu ganin likitan zuciya, takardar haƙori ta tsufa, ya koma ya sabunta ta, ta zuciya ta tsufa. Ana iya shekara biyu ana wannan zagaye. Kuma kafin a fara zagayen ma sai likitan ƙoda ya ga cewa mutumin ya dace.

Farfesa Alan Cass da abokan aikinsa sun yi wani babban bincike mai suna IMPAKT inda suka zauna da likitocin ƙoda da majinyata a sassan ƙasar. Wani rahoto da ya fito daga ciki a 2012 ya ɗauki maganar ɗaya daga cikin likitocin a matsayin take, inda yake cewa wanda ya kasa bin ƙa'idar wanki, ta yaya za a amince masa da dashe. Ba na ɗaukar wannan likita a matsayin mugu. Ƙoda kaɗan ce, wani ne ya mutu aka samu, kuma wanda aka dasa wa sai ya sha maganin danne garkuwar jiki kullum ba fashi, in ba haka ba jiki ya ƙi ta. Tsoronsa yana da tushe. Amma ma'aunin da yake dogaro da shi gurɓatacce ne, domin yana auna yadda mutum ya jure gudun hijira ne, yana ɗauka halinsa yake aunawa. Kuma da zarar kalmar ta shiga takarda, likita na gaba ita zai fara karantawa kafin ya ga fuskar mai ita.

Su kuma majinyatan abin da suka faɗa daban ne: suna son dashe, amma ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani yadda za su gane. Tun a 2002 Cass da wasu suka ɗauki hoton bidiyo na ganawar ma'aikata da majinyata 'yan ƙabilar Yolngu a wani ɗakin wanki a Darwin, sannan suka tambayi kowane ɓangare abin da ya fahimta. Sau da yawa kowa da inda ya dosa, kuma babu wanda ya lura. Majinyaci yakan ce e don girmamawa, kamar yadda ɗan ƙauye zai ce wa likita "to" alhali bai ji komai ba, ma'aikaci kuma ya rubuta cewa an yi bayani an fahimta. Turanci yakan zama harshe na uku ko na huɗu a wurin mutumin. Ana yi masa magana da kashi cikin ɗari da sunayen sinadarai, ba tafinta. Kuma tambayoyin da ke cin ransa ba sa cikin takardar bayanin: ƙodar wa za a sa mini, danginsa sun yarda, wani abu na mamacin zai biyo ni? A al'adu da dama na yankin ƙoda da kitsenta suna da alaƙa da ƙarfin ran mutum, don haka tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba likita Bature zai fara yi wa ita ba.

Akwai kuma cikas na jiki da ba son zuciya ya kawo su ba, dole a faɗe su. Mafi yawan masu bayar da ƙoda ba 'yan asalin ƙasa ba ne, nau'in ƙwayoyin halittarsu ya sha bamban, don haka dacewa takan yi wuya, musamman ga macen da ta haihu da yawa ko wanda aka sha ƙara wa jini. Karɓa daga ɗan'uwa mai rai ba kasafai take yiwuwa ba, saboda ɗan'uwan ma yana cikin haɗarin ciwon. Bayan dashe kuma, wanda garkuwarsa ke danne idan ya koma gida mai mutum 15 da famfon da ba ya aiki, cuta tana saurin kama shi, kuma kamuwa da cuta ce kan gaba wajen kashe 'yan asalin ƙasa da aka yi wa dashe. Duk da haka, da aka kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda suka ci gaba da jira a kan inji, masu dashen sun fi tsawon rai. Maganin famfon da ba ya aiki gyara ne, hana mutum ƙoda ba ya gyara shi.

Hanyar Adelaide

A watan Satumban 2017 majinyata da masu jinyarsu suka taru a Darwin suka yi wa likitoci da 'yan siyasa magana baki da baki. Ken Wyatt, ministan lafiyar 'yan asalin ƙasa a lokacin kuma shi kansa ɗan asali, ya sa aka yi bincike, kuma a 2019 aka kafa kwamitin ƙasa kan dashen ƙoda ga 'yan asali, wanda ake taƙaita sunansa da NIKTT, da dala miliyan 2.3. Farfesa Stephen McDonald ya shugabance shi, tare da Dakta Jaquelyne Hughes, 'yar tsibiran Torres Strait, wadda ita ce likitar ƙoda ta farko daga cikin 'yan asalin ƙasar. Kelli Owen, wadda ita kanta an yi mata dashe, ta riƙe ɓangaren tuntuɓar al'umma.

Abubuwan da suka gwada ba masu sarƙaƙiya ba ne. A yankunan Kimberley da Pilbara na jihar Ostireliya ta Yamma an ɗauki tawagar likitocin dashe an kai su inda majinyata suke, aka yi gwaje-gwajen a dunƙule cikin 'yan kwanaki, kuma yawan masu shiga jeri ya ƙaru. An ɗauki waɗanda suka riga suka bi hanyar, wato tsofaffin masu wanki da masu dashe, aiki da albashi, su raka sabon majinyaci, su yi masa bayani da harshensa, su shiga ɗakin likita tare da shi. Purple House ma tana da irin waɗannan ma'aikata a reshenta na Darwin mai suna Panuku. An kafa kwamitocin majinyata 'yan asali a asibitocin dashe. A 2022 kuma aka fitar da ƙa'idojin kula da ƙoda na ƙasa da aka rubuta bayan an zagaya an saurari al'ummu, waɗanda suka ambaci wariyar da ke cikin tsarin asibiti da sunanta, suka kuma nemi a riƙa tura mutum gwajin dashe da wuri. Damuwata da waɗannan ita ce yawancinsu da kuɗin gwaji na shekara ɗaya ko biyu aka yi su, irin kuɗin da Purple House ta rayu a kai shekara 14 kafin Medicare ta shigo.

Har yanzu babu asibitin da ke dashen ƙoda a Yankin Arewa. Mutumin Kintore da ya tsallake duk matakan nan ya shiga jeri, sai ya riƙa bayar da jini a kai a kai ana aikawa ɗakin gwaji, wayarsa kuma ta kasance a kunne dare da rana, a wurin da waya ɗaya takan zagaya hannun mutum biyar. Ƙodar da aka cire ba ta son ta wuce awa 12 a ƙanƙara, kowace awa bayan haka ragi ce. Idan kiran ya zo, sai ya yi kilomita 530 zuwa Alice Springs, ya hau jirgi ya yi wasu kimanin 1,300 zuwa babban asibitin Adelaide da ke jihar Ostireliya ta Kudu, ya kwana makonni a can, sannan ya dawo Alice Springs ya zauna watanni kusa da likita ana auna jininsa kafin a ce ya koma ƙauye. Saboda wannan lissafin, wanda ya samu kujera a gida bayan shekaru yana jira yakan tsinci kansa yana auna ko ya zauna kusa da filin jirgi don kada kiran ya same shi a nesa, ko ya tafi gida wurin jikokinsa.